Yadda ake yasar kanal da ƙorama ba tare da an yi aikin baban giwa ba

Duk shekara in rani ya tsaya, maganar da ke tashi a majalisunmu nan yankin Talata Mafara da Bakura guda ce, wai ruwa bai kai wa na wutsiya. Na sama suna ban ruwa har da ɓarna, na ƙarshe suna tsaye da shebur suna kallon shinkafa tana naɗe ganye, daga nan sai a fara zargin juna, wane ya toshe hanya, wane ya saci ruwa da dare, mai buɗe get ya ci kuɗi. Ban ce babu masu wannan halin ba, akwai su, amma sau da yawa in ka sauka cikin kanal ɗin ka soka sanda za ka tarar ɓarawon ruwan yana nan kwance ƙarƙashin ƙafarka, laka da yashi ne sunka cinye rabin hanyar.

Ni dai ba injiniya ba ne, manomi ne da ya daɗe yana shiga gayyar yasa, kuma na ga gayyar da ta yi amfani na ga wadda anka sha rana a banza. Abin da zan faɗa ya shafi ƙaramin kanal mai kai ruwa gona, da diren mai fitar da ruwan da ya yi yawa, da ƙoramar ƙauye, har da kwatar unguwa. Babban gulbi maganarshi daban, zan ɗan taɓa ta can gaba.

Sai ka san inda lakar take fitowa kafin ka ɗauki shebur. Dam ɗin Bakolori da anka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an yi shi ne ya riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 450, ya shayar da hekta kusan 23,000, kuma tun ranar da anka tare gulbin yake tara ƙasar da damina ke wankowa daga gonakin tudu. In kana son ka gani da idonka, ɗebi ruwan gulbi cikin watan takwas a gorar roba ka ajiye ta kwana, da safe ka duba gindin gorar. To wannan abin da ya kwanta shi ne yake kwanciya cikin kanal kullum. Ruwa in yana gudu yana iya ɗaukar ƙasa, da zarar ya rage gudu sai ya fara sauke kaya, tsakuwa da yashi su ne farkon sauka don sun fi nauyi, laka mai laushi ita ce ta ƙarshe. Shi ya sa za ka ga yashi ya taru kusa da bakin get da cikin kwana da gaban kwalbati, can wutsiya kuma taɓo ne baƙi mai danƙo. Ƙara da ƙurar hunturu, da shanun da ke tattake gaɓa in sun zo shan ruwa, da mu kanmu manoma da muke nome gona har bakin kanal ba mu bar ko taku ɗaya ba, ruwan sama na farko ya kwashe kunyar ya zuba ciki. Sannan ga kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ita kuwa ta fi kowa iya mugunta, tana tare ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, ita kuma ta samu abinci ta ƙara yaɗuwa.

Lokacin yasa. Ƙorama da diren da kwata, a yi su cikin bazara kafin ruwan farko, wato daga watan uku zuwa farkon watan biyar, lokacin ruwa ya ja baya ƙasa ta bushe. Kanal ɗin ban ruwa kuma sai an daidaita da masu kula da get, a samu tsakanin girbin rani da shukar damina, ko kuma bayan kaka kafin a saki ruwan rani. Kar a yarda a tashi yasa ranar da shinkafar wani take fitar da kai, in ka rufe mishi ruwa kwana biyar a wannan lokacin kun ƙulla gaba ta shekara. Kuma ku sani zafin watan huɗu a nan ba wasa ba ne, yana wuce digiri 40, don haka da an sallame asuba gari ya ɗan waye a fita, kafin sha ɗaya an tashi. In azumi ya faɗo cikin lokacin to a raba aikin gajere-gajere. Halin tsaro ma kowa ya san yadda muke, kar mutum biyu su tafi can nesa da gari su kaɗai wai za su ƙarasa nasu kason.

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne a kira gayya ba a san girman aikin ba. Kafin a buga shela, mutum biyu ko uku su bi kanal ɗin daga sama har ƙasa da guntun rodi ko doguwar sanda mai tsini. Kowane taku goma a tsaya a soka. Laka tana da taushi, rodin zai shige sulum, da ya kai ƙasar asali za ka ji ya tsaya ya yi tauri, to nan ne gindin kanal ɗin na gaskiya, kuma nan ne iyakar haƙarka. A auna zurfin a rubuta a takarda, a kafa turke a gaɓa. Da haka za ku san wurin da ya fi cikewa, don ba daidai take kwanciya ba, wani wurin taƙi ɗaya, wani wurin har gwiwa.

Lissafin ba wuya, tsawo sau faɗi sau zurfin laka. Misali kanal mai tsawon mita 100, faɗin gindinshi mita 1, laka ta kai santimita 30, kubik mita 30 ke nan. Baro ɗaya in an cika shi daidai misali bai wuce lita 60 zuwa 65 ba, ka ga kubik ɗaya zai ci baro kamar 16, duka aikin ya tasam ma baro 500. Kuma jiƙaƙƙiyar laka nauyi gare ta, kubik ɗaya ya fi tan ɗaya da rabi. In ka faɗa ma mutane wannan lissafin tun farko ba wanda zai zo da tunanin kafin hantsi an gama, kuma za ku san mutum nawa za a nema da kwana nawa, da yawan fura da ruwan sha da za a tanada.

Kayan aiki ba wasu baƙi ba ne: shebur mai faɗin baki da mai tsini, fartanya, diga don inda ya bushe ya yi tauri, manjagara ta jawo ciyawa da leda, adda da lauje na kachalla, kwanon sarki, baro, igiya, turaka, buhunan da za a cika da ƙasa, da falanki biyu ko uku da za a shimfiɗa ma baro don tayar shi ba ta tafiya cikin taɓo. Sai siririn tiyo ɗin nan mai haske da magina ke auna lebur da shi, a aro ko a saya mita 15, shi ne kayan da ya fi kowane arha kuma ya fi kowane amfani, zan zo kanshi.

To an rufe get. Kar a faɗa ciki a ranar. A buɗe wutsiya ruwan da ya rage ya tsiyaye, in akwai inda ya kwanta a ja mishi 'yar siririyar hanya da fartanya a tsakiya, a bar shi kwana uku zuwa biyar gwargwadon rana. Abin da ake nema shi ne lakar ta kama jikinta kamar tuwon da ya kwana, ka yanka da shebur ta taso guda ba ta zuba ba. In tana ruwa-ruwa kamar kunu, kana ɗiba rabi na komawa, bayanka ne kawai zai mutu. In kuma an bari ta bushe ƙarau ta tsattsage sai da diga, aikin ya ninka. A kwata ko ƙoramar da ba a iya tsayar da ruwanta gaba ɗaya, sai a yi jinga da buhunan ƙasa sama da ƙasa, a keɓe kamar mita 20, a sa injin ban ruwa ya janye na tsakiya ya zuba gaba, a yashe wannan yankin, sannan a matsa da buhunan. Yana da jinkiri amma yana yi.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Daga wutsiya ake fara yasa a yo sama, ba daga kai ba. Mun taɓa yin akasin haka wata shekara, samari ne mu da yawa kuma jini na tafasa, munka fara daga bakin get don nan ya fi kusa da hanya kuma nan ne mutane za su gan mu. Mun yi kamar mita sittin sai ga wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya iso bisa kekenshi, ya tsaya yana kallonmu bai ce uffan ba, can ya kira ni. Ya ce, “Kai ɗana, ruwan ga da ka tsattsafowa, ina za ya bi?” Na ce Baba ai gaba zai yi. Ya ce, “Wace gaba, gaban da ba ku yashe ba? Rijiya dai kunka gina, ku sha wanka.” Ya hau kekenshi ya wuce. Wallahi washegari da munka dawo, inda munka haƙe ya cika da ruwa har cinya don ba shi da mafita, ƙasan gaba ta fi shi tudu, ranar cikin ruwa munka yini muna lalube, ba ka ganin abin da shebur ke yi. Kuma kafin a kai ƙarshe mutane sun gaji sun watse, na sama da anka gama musu nasu ba su sake leƙowa ba, na wutsiya da su ne masu kukan tun farko aka bar su da nasu a cike. In an fara daga ƙasa, ruwan da ke tsattsafowa yana bin bayanku yana wucewa, kuna aiki a busasshe, kuma na sama dole su tsaya har ranar ƙarshe tunda nasu ne na ƙarshe. Wannan dabarar ta riƙe gayya ma kaɗai ta isa dalili.

Abu na biyu, zurfi ba shi ne yasa ba. Akwai masu ganin in sun haƙa rami mai zurfi sun yi bajinta, har gasa ake yi. Ruwa gangara yake so, ba rami ba. In ka zarce gindin asali a wuri ɗaya, wurin zai zama kwari, ruwa ya kwanta ya rage gudu, laka ta fara cike shi tun makon farko, sauro ya samu gida. A kanal ɗin ban ruwa kuma akwai wata illar, in gindin ya yi ƙasa da yawa ruwan ba zai hau bakin bututun da ke shiga gona ba, sai ka ga ruwa na wucewa gabanka amma sai ka sa inji. Nan ne tiyon magina ke aiki. A cika shi da ruwa a tabbatar babu kumfar iska ciki, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya jikin turken farko, ɗaya ya riƙe ɗayan bakin jikin turke na gaba, inda ruwan ya tsaya a bakin biyu to lebur ɗinsu ɗaya, a yi alama da gawayi ko fenti. Haka za a bi turakan duka. Daga nan sai a riƙa rage kamar kaurin yatsa ɗaya, santimita 1 zuwa 2, a kowace mita 10 in ana gangarawa, a ɗaure igiya bisa sabbin alamomin. Sai a yanke sanda guda daidai zurfin da ake so daga igiya zuwa gindi, kowane mai haƙa ya riƙa gwadawa da ita. Sanda ɗaya tak, kar kowa ya zo da tashi. Gangarar da ta wuce haka a kanal ɗin ƙasa ita ma matsala ce, ruwan zai yi gudu ya ci gindi da gaɓa ya kai lakar ga na gaba.

Gaɓa kuma kar a sare ta tsaye kamar bango. Na san tana da kyan gani ranar da anka gama, amma da ruwa ya jiƙa ta sai ta zubo, kun dawo gidan jiya. A kwantar da ita, a ƙasa mai laka in ka sauka taku ɗaya ka matsa taku ɗaya, a ƙasa mai rairayi kuma taku biyu ko fiye. Kuma ciyawar da ke saman gaɓa, irin su kiri-kiri, a sassabe ta kawai kar a tuge, saiwarta ce ke riƙe ƙasar. Na cikin gindi ake tugewa.

Kachalla sai an yi haƙuri da ita. Sare ganyenta aski ne kawai, saiwarta tana kwance cikin laka tana tafiya kamar igiya, in ka bar guntu zai tsiro. Lokacin yasa a bi saiwar da diga a fitar da ita, a tara nesa da ruwa ta bushe a ƙone. Inda ba a iya tsayar da ruwa, a yanke ta ƙarƙashin ruwa kamar taƙi guda ta yadda kututturen zai nutse, don ta cikin ganyen take shaƙar iska, in an maimaita sau biyu ko uku tana raunana sosai. Kuma a yi kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, in ya fashe iska ta ɗauki irin to kun raba ma duk unguwa. Kainuwa ita da sauƙi, manjagara ta isa, amma ita ma kar a bar ta a gaɓa.

To ina za a kai lakar? Nan ne yawancin gayya ke lalacewa. Ana fitowa da ita a jibge a leɓen kanal, kowa ya wanke ƙafa ya tafi gida, ruwan farko na watan biyar ko shida ya mayar da ita inda ta fito, ko kuma nauyinta ya danne gaɓar ta rufta. Ku dubi kwatocin Gusau ko nan cikin Mafara bayan an yi aikin tsabta, tsibi-tsibi a bakin titi har sati uku, mashin na bi ta kai, akuya na tonawa, ƙarshe ruwa ya zo ya kwashe. Tun kafin a fara a san inda za a zuba, kuma a ware mutanen kwasa daban, in masu haƙa goma ne to masu baro da kwanon sarki kar su gaza goma. In dole sai an ajiye kusa don ta tsane, a matsa da ita aƙalla taku biyu daga leɓe, a bar 'yan ƙofofi tsakanin tsibin don ruwan sama ya samu hanya, bayan kwana biyu a kwashe. Wani ɓangaren a yi amfani da shi a cike inda gaɓa ta zaizaye ko inda gafiya ta yi rami, amma a zuba kaɗan-kaɗan ana daɓewa, ba a jibga gaba ɗaya ba.

Baƙar lakar kanal da ta fadama taki ce, wanda ya sani har roƙonta yake yi. A bar ta ta bushe ta sha rana, a farfasa, a watsa a gonar tudu mai rairayi, tana taimaka ma ƙasa ta riƙe ruwa. Illarta irin ciyawa da ke ciki, don haka ka shirya ma noma. Yashin bakin get kuma masu buga bulo za su saye shi ko a cike hanya da shi, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Amma ba kowace laka ake kai wa gona ba. Ta kwatar gari tana da baƙin mai da mataccen batir da kwalba da ruwan masai, wannan juji za ta, kar a zuba ma latas ko tumatir. Sannan mu 'yan Zamfara muna da darasin da bai kamata mu manta ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ta dalilin dutsen zinari da ake niƙawa ana wankewa cikin gari. Duk kududdufi ko ƙoramar da anka taɓa wankin zinari a cikinta, lakarta ba ta gona ba ce, ba ta yaɓen ɗaki ko tubali ba ce, kuma kar a bari ta bushe yara su yi wasa a kai. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ba a ganinta. Irin wannan wurin a sanar da jami'an lafiya da na muhalli kafin a taɓa shi.

Kanal mai siminti a yi mishi a hankali. Ba diga, ba shebur mai tsini, a sa mai faɗin baki a riƙa kankarowa, sannan a share da tsintsiya. Da an yashe za a ga tsagar da laka ta ɓoye, a cire ciyawar da ta tsiro ciki a liƙe da siminti tun ruwa bai dawo ba, buhu ɗaya yanzu ya fi gyaran tifa guda baɗi.

Kwalbati da bututun da ke bi ƙarƙashin hanya, don Allah kar a tura yaro ciki wai shi ne siriri. Ruɓaɓɓiyar laka a rufaffen wuri tana tara iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da an motsa lakar take tashi, mutum ya faɗi ba ko ihu, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi, irin abin da ke faruwa da masu yasar rijiya da masai. Ga maciji, ga yiwuwar lakar ta rufto. A yashe bakin biyu tukuna, a zura doguwar gora ko rodi a huda, a wuce da igiya, a ɗaura tsohuwar tayar mashin ko sarƙa a tsakiya, mutane su riƙa ja gaba da baya, sannan a sa inji ya feso ruwa da ƙarfi daga sama. Abin da ya fito a kwashe nan take.

Jiki ma a kula da shi. Rambut da safar hannu ba gayu ba ne, cikin taɓo akwai fasasshiyar kwalba da gwangwani da ƙaya, wanda ya yanke ya wanke da sabulu ya je asibiti a yi mishi allurar tetanas, kar a ce a shafa ƙasa. Matsattsaku in ta kama ka gishiri ya isa. Babbar matsalar ita ce tsargiya, ƙwayar cutar tana fitowa daga 'yan ƙananan dodon koɗi da ke maƙale jikin ciyawar ruwa, ta huda fata ta shiga, bayan makonni mutum ya fara fitsarin jini. A garuruwan ban ruwa har wasu na ɗauka alamar balaga ce ga yaro, ba haka ba ne, cuta ce kuma tana da magani a asibiti. Yasa a busasshe tana rage wannan haɗarin, kuma ita kanta yasar tana kashe dodon koɗin in rana ta buge su. Ruwan sha a zo da shi daga gida.

In aikin ya fi ƙarfin hannu, kamar babban diren da ya shekara goma ba a taɓa ba, sai katafila. Shawarata a nan, kar ku yi ciniki da awa ko da yini ba tare da naku mutum yana tsaye da sandar awo ba, ku yi da tsawon mita, kuma ku kafa turakanku kafin ta iso. Mun taɓa haɗa kuɗi munka ɗauko wata, direban yana sauri ya tafi wani aikin, ya kwashe wuri mai sauƙi ya yi zurfi fiye da kima, ya tsallake inda kachalla ta yi kauri, haƙoran bokitin sunka ɓalle mana gefen kwalbati, kuma ya jera lakar a leɓe kamar ganuwa har ruwan gona ya rasa ta inda zai faɗa diren. Sai da munka sake gayya ta kwana biyu muna gyara aikin da munka biya. Babban kanal da get-get na Bakolori kuwa suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ba a sa musu inji sai da saninsu, a bi ta ƙungiyar masu amfani da ruwa. Gulbi irin na Sakkwato ko na Zamfara ko Neja can Yawuri, wannan aikin jirgin yasa ne mai zuƙo yashi da ruwa ta bututu, da izinin gwamnati da awon injiniyoyi, ko yasar Neja da anka ƙaddamar a 2009 daga Warri zuwa Baro kilomita 572 ce kuma kamfanoni anka raba ma ita. Abin da ya shafe mu a gulbi shi ne mu hana masu ɗibar yashi haƙa kusa da ƙafar gada ko gindin gaɓar da gari ke kai.

Don kar baɗi a sake shan irin wannan wahalar, a yi ma laka tarko. Kusa da bakin da ruwa ke shigowa a faɗaɗa wuri ɗaya kamar ninki biyu ko uku na faɗin kanal, a zurfafa shi kamar rabin mita, tsawon taku huɗu zuwa biyar. Nan kaɗai ne aka yarda a yi rami da gangan. Ruwa in ya shigo zai huta ya sauke yashinshi a nan, mutum biyu su riƙa kwashewa duk sati biyu, ya fi a bi mita ɗari biyar ana tsinta. A bar taku ɗaya ko biyu tsakanin gona da gaɓa ba noma, a dasa jema ko gamba. A zauna da makiyaya a ware mashaya guda a zuba mata tsakuwa, don hana su ruwa ba zai yiwu ba kuma rigima ce ba ta da riba. A kwatar unguwa a sa ragar ƙarfe gaban kwalbati ta tare leda da robar ruwa.

Rabon aiki kuma a yi shi gaban mai unguwa ko sarkin noma a rubuta, kowa gwargwadon gonarshi, mai eka biyu ba zai yi daidai da mai rabin eka ba. Wanda ba zai zo ba ya turo ɗan ƙwadago ko ya biya kuɗin yini, gwauruwa da tsoho marar ɗa a ɗauke musu. A faɗi tarar tun kafin ranar, ba bayan an gama ba.

Ranar sakin ruwa kar a buɗe get gaba ɗaya, sabuwar gaɓa ba ta zauna ba, a ɗaga kaɗan ruwan ya shigo a hankali yana jiƙa ƙasa. A jefa guntun kara a bi shi da ƙafa daga sama har wutsiya. Inda karan ya tsaya yana juyawa wuri ɗaya akwai kwari ko tudu a gaba, a kafa turke. Inda ruwa ya yi ja yana cin gefe a jera buhun ƙasa. Inda ka ga damshi na fitowa ta bayan gaɓa ramin gafiya ne ko na ƙaguwa, a toshe da laka mai danƙo a daɓe. A duba agogon waya minti nawa karan ya yi kafin ya kai ƙarshe, a rubuta cikin littafin ƙungiya tare da zurfin da anka samu a kowane turke, tsakiyar rani in an sake jefa kara aka ga ya ƙara lokaci sosai, sai a ɗauko rodi a fara sokawa daga wutsiya.